Tukunyar Kuloko da Mayen Ƙarfe

Ni ban yi lakwal ba, wato boko, allon ma ban yi nisa da shi ba. Jikata ce take rubuta wannan, ina faɗi tana bi. Idan kuka ya zo mini sai ta ajiye alƙalami ta jira, don ban daɗe da fita takabar maigidana ba, kuma hawayena ba sa neman izini. Ba na ɓoye su. Mutumin da na zauna da shi tun ina iya ɗauko tulu daga rijiya ba tare da na huta a hanya ba, ai ya cancanci a gan ni ina yi masa kuka.

Abin da ya tayar da maganar, ta zo hutu ne daga jami'a, na tambaye ta me ake koya musu da har ta rame haka. Ta ce yadda ake yin takin zamani. Ta ce, "Kaka, daga iska ake samo shi. Iska iri biyu ake so su haɗu, su kuma ba sa haɗuwa sai an bi da su ta kan garin ƙarfe mai zafi. Ƙarfen ba ya shiga cikin takin, shi dai sa su yake su haɗu." Ta ce yanzu ana duba ko ƙarfin jan nan da ƙarfe yake da shi, irin na maganaɗisu, yana ƙara masa aiki ko yana rage masa, da kuma abin da zafi yake yi wa wannan jan. Na ce mene ne kuma maganaɗisu? Ta ce mayen ƙarfe. Zancen iskar ban gane shi ba, ta kuma ce nasu aikin daban yake da wanda na sani, na yarda. Amma da ta ambaci garin ƙarfe da maye da wuta a baki ɗaya, sai na ga zauren gidanmu na Birni kamar yau, na ce ta ɗauko takarda.

Ni 'yar maƙera ce daga Mirriya. An kawo ni Birnin Damagaram gidan dukawa, masu aikin fata, 'yan shekaru kafin mulkin kai. Maigidana shi da mahaifinsa suna zama a zaure, suna ɗinka jakunkuna da kuben takobi da gidan laya da matasan fata. Ja suna samu daga karan dafi, kowane baduku ya iya wannan. Abin da aka san gidan da shi baƙi ne. Baƙin gidanmu ba ya dushewa. Buzu zai sayi kube ya shiga sahara da shi, ya dawo bayan shekaru, kuben ya tsufa, zanen baƙin yana nan yana sheƙi.

Ruwan da ake yin baƙin da shi sunansa kuloko. Ana sharo dattin maƙera, ɓarɓashin ƙarfe da garin da yake zuba idan ana goga lauje ko wuƙa, a zuba a tukunya da ruwa da tsamin nono da ɗan zuma, a rufe a ajiye a inuwa har ya ruɓa ya yi kumfa. Warinsa ba ya da daɗi. Kuma idan ka leƙa ba za ka ga baƙi ba, ruwa ne kawai mai dauɗa. Sai an shafa shi a fatar da aka jeme da bagaruwa, a nan baƙin yake fitowa a hankali kana kallo. Tukunyar gidanmu tana bayan zaure, a gindin bango, an binne rabinta a ƙasa. Surukina ba ya barin kowa ya buɗe ta sai shi.

Da surukina ya rasu, tukunyar ta faɗo hannun maigidana. A cikin shekarar nan baƙin ya lalace.

Da farko ya ɗauka nonon ne bai yi tsami ba, ya canja. Ya ce ko zumar ce, ya canja. Ya ce ko fatar ce, ya je majema ya yi faɗa da mutanen da ba su yi masa komai ba. Duk a banza. Ya zana, abin ya fito ruwan ƙasa, bayan an bar shi a rana ya koma kamar toka. Wani mai rumfa a kasuwa da ya daɗe yana karɓar kayan gidanmu ya dawo da jakunkuna, ya ajiye a bakin zaure, ya gaishe shi da ladabi, ya tafi. Gara ma da zagi ya yi.

Baffansa, ƙanen mahaifinsa, shi ne babba a dukawan unguwarmu. Ya zo ya ɗauki fata ɗaya ya juya ta, ya ce, "Ɗana, ba kowane hannu ake gada ba. Yayana ya tafi da nasa. Ka dawo zaurena ka riƙa yi mini ɗinki, baƙin ka bar wa yarana." Ina bayan ƙyaure ina ji. Maigidana ya ce, "To, Baffa, na ji." Da ya shigo cikin gida na ajiye masa tuwo, bai taɓa ba. Shi ba mai yawan magana ba ne dama, sai ya zama kamar ba ya gidan.

Yana da abokin wasa, ɗan gwaggonsa, direban kamyo, babbar motar kaya, wanda yake ɗaukar gyaɗa daga Damagaram zuwa Kano. Mutum ne mai dariya da ƙarfi, mai warin man mota, hularsa kullum a karkace. Duk zuwan da zai yi sai ya tsokane shi. Rannan ya shigo har tsakar gida ya ce, "Kai bawana, har yanzu kana nan kana shaƙar ruɓaɓɓen nono? Taso in koya maka mota. Kaka na zuwa, ina neman karen mota. Shekara biyu ka zama direba, ka sayo wa 'yar maƙera atamfa ta daina kallona."

Na ce, "Wa yake kallonka? Hularka nake kallo, ina jiran ta faɗi."

Aka yi dariya, amma maigidana bai yi ba. Ya ce, "Idan aka buɗe cinikin gyaɗa baƙin nan bai dawo ba, ka biyo ta nan. Zan bi ka."

Na san mazan unguwarmu da suka bi mota. Wani yakan dawo da sallah, wani sai dai a ji ya yi gida a can. Kuma na san nawa: idan ya bar zauren nan da kunya, ba zai iya sake zama a cikinsa ba. Ga ni da ciki na fari, damina ta raba.

A wannan zuwan ne direban ya ciro wani ƙarfe daga aljihu, lanƙwasasshe kamar kofaton doki, da sauran jan fenti a jikinsa. Ya ce daga cikin injin wata matacciyar mota ya cire shi a garaji. Ya miƙo mini ya ce, "Ungo, 'yar maƙera. Idan na tafi da mijinki ga wanda zai riƙa riƙe ki." Ya kusanta shi da allurar da take maƙale a zanena, allurar ta yi tsalle ta manne. Na yi ihu na ja baya, shi kuwa har da riƙe ciki. Ranar na fara ganin mayen ƙarfe, ni da na tashi a maƙera.

Ya zama abin wasana idan na gama aiki. Na gwada shi a wuƙa, ya kama. A ludayi, bai kama ba. A sabuwar tukunyar sanholo, farar nan mara nauyi da maƙeran Birni suka fara zubawa a lokacin, bai kama ba, na yi mamaki, don ni a wurina duk ƙarfe ne. Wata safiya ina shara a bayan zaure, ga kwandon dattin maƙera da aka kawo don kuloko, sai na tsoma shi a ciki don in ga abin da zai yi. Ya fito da gashi baƙi a baki biyu, kamar gemu. Na share a faifai, na sake tsomawa. Na yi ta yi har ya daina kamo komai. Da na duba kwandon, abin da ya rage ba kaɗan ba ne: yashi, da gawayi, da wani farin gari mai ƙyalli, da 'yan guntaye ja.

Na kira maigidana. Ban saba kiransa daga zaure ba, ya shigo da sauri ya ɗauka cikin ne. Na nuna masa faifai, na nuna masa kwando. Ya tsuguna ya ɗebi farin garin ya murza a yatsa. Sannan ya ce, "Sanholo." A zamanin mahaifinsa baƙin ƙarfe kaɗai ake bugawa a maƙerar da muke sharowa. Yanzu a wuri ɗaya ake goge tukwanen sanholo, ana yanka tarkacen mota, kome yana zuba ƙasa ɗaya. Shara ce ta canja, ba hannunsa ba. Ranar ya ci tuwo har ya nemi ƙari.

Sai muka yi abin da duk mai murna yake yi, muka wuce gona da iri. Muka ce tunda mayen ne ya tsarkake ƙarfen, to a ƙara tsarkake shi. Muka tace garin da shi, muka sake tacewa, muka goga shi a ciki, har muka bar shi kwance a cikin ƙwaryar garin kwana da kwanaki kafin nono ya yi tsami. Maigidana ya kwashe tsohuwar tukunya tas, abin da ba a taɓa yi ba tun kakansa, ya wanke, ya zuba sabon haɗi, ya rufe da bismilla. Muka jira.

Da lokacin buɗewa ya yi ya shafa a fata. Ruwan ƙasan nan ya tafi, amma baƙin bai zo ba. Wani shuɗi-shuɗi ne mai rauni, kamar an wanke alli a ruwan baba. Ya ƙara kwanaki, bai canja ba. Ya naɗe hannun riga ya zura hannu har gindin tukunya, ya ciro garin ƙarfen a dunƙule, curi guda, da tsinke-tsinke a jiki kamar bushiya. Ya fasa shi. Bayan ya yi tsatsa, cikin kuwa yana nan da ƙyallinsa, ruwa bai ci shi ba. Ko da ya watsa shi da yatsa sai ya sake tattaruwa, ƙwaya tana riƙe da ƙwaya. Ƙarfen ya ɗauki halin mayen.

Baffa ya ji labari ya zo. Ya ce, "Ka zubar da ruwan kakanka saboda abin wasan Nasara da maganar mace. To, ga shi nan." Bai ɗaga murya ba. Da ya fita, maigidana ya tattara basilla da aska da sauran kayan aikinsa, ya naɗe a fata, ya ɗaure, ya sa a saman rumbu. Gero ya riga ya nuna, ana ta cirar gyaɗa a ƙauyuka. Ya ce mini, "Ki shirya, ranar kasuwar Mirriya za mu je in yi wa su Baba sallama."

Na hau jaki, yana tafe a ƙasa. A cikin ƙunshin kayana na sa curin ƙarfen da mayen. Ba wai ina da wata dabara ba ce. Ina so ne kawai in nuna wa mahaifina abin da zai raba ni da mijina.

Muka tarar da Baba a maƙera yana gyaran lauje. Maigidana ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya gaishe shi, ya faɗi abin da ya kawo shi, kansa a ƙasa. Baba ya ce, "Allah ya sa alheri ne," ya ci gaba da bugu. Surukai ba sa doguwar magana. Ni ce na kwance ƙunshi na ajiye a gabansa.

Baba bai san komai game da rini ba, bai kuma taɓa ganin mayen ƙarfe ba. Ya ɗauka, ya manna a uwar maƙera, ya ja, ya sake mannawa. Ya gwada a guduma, ya gwada a awartaki. Tsoho da furfura, yana dariya shi kaɗai. Ya ce, "Ke, wannan ai ɓarawo ne. Bari mu ga ko yana satar na wuta." Ya sa wani guntun ƙarfe a wuta, ya ce wa maigidana, "Zo ka hura mini." Baduku ya zauna a kan zugazugi, Baba yana ce masa, "A hankali, ba fata kake jima ba." Da ƙarfen ya yi ja sosai ya ciro shi da awartaki, ya kusanto da mayen da sauri. Bai kama ba. Ya sake, bai kama ba. Ya ajiye ƙarfen ya huce, jan ya mutu, ya kawo mayen, sai ga shi ya manne.

Baba ya ce, "Af. Ashe wuta tana raba su."

Ya dubi curin nan namu. Ya sa shi a kasko, ya tura cikin garwashi, ya ce a hura. Ya bar shi har ya yi ja, ya janye, ya ajiye nesa da mayen, ya ce kada wanda ya kusanto da shi. Da ya huce ya daddaka shi kaɗan da bayan guduma, ya ɗiba ya saki. Garin ya zuba warwas kamar gero, babu ƙwayar da ta riƙe 'yar'uwarta.

Ya juye a ƙwarya ya miƙa wa maigidana. Ya ce, "Ni ban san ruwanku ba. Ko zai yi ko ba zai yi ba, Allah ya sani. Amma ka gwada kafin ka hau motar mutane." Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Innata ta ba mu nono mai tsami a gora, muka sayi sabuwar tukunya a kasuwa, irin ta Mirriya, muka juyo.

Maigidana ya haɗa ya rufe, amma bai sauko da kayan aikinsa daga rumbu ba. Ni nake zuwa kullum in kara kunne a jikin tukunyar ko zan ji tana motsi. Buhunan gyaɗa suna ta taruwa a tasha. Ana ta zancen ƙuri'a a gari, wai ƙasa za ta fita daga hannun Faransa ko ba za ta fita ba, maza suna musu a bakin masallaci. Ni ban san komai a ciki ba. Tukunya nake saurare.

Direban ya zo da hantsi, kafin ruwan ya kai lokacin da aka saba buɗe shi. Mota ba ta shiga lungunan Birni, ya bar ta a bakin ƙofa ya tako. Tun daga waje yake kira, "Ina bawana? Fito, an gama lodi. 'Yar maƙera, ki yi kukanki da sauri, rana na yi."

Maigidana ya riga ya ɗaure 'yan tufafinsa a tabarma. Ya tsaya a tsakar gida da ita a hannu. Na ce, "Malam, ka buɗe ta mana."

Ya ce, "Ba ta nuna ba."

Na ce, "Ka buɗe dai."

Ya ajiye tabarmar. Ya ɗaga murfi, wari ya bugo, da 'yar kumfa a sama. Ya tsoma tsinke ya ja layi ɗaya a guntun fata. Layin ya fito kamar na ruwan sha. Direban ya leƙo ta kafaɗarsa ya ce, "Kai, wannan baƙi ya yi kyau, har ba a ganinsa." Layin ya fara duhu daga gefe. Ya yi toka, ya wuce toka. Ya wuce shuɗin nan da ya tsaya a kai wancan karon. Maigidana ya kai fatar rana, ya tofa mata yawu ya murza da babban yatsa, ya ɗaga ya duba.

Ya ce, "Bai kai na mahaifina ba."

Na ce, "Kwanansa bai cika ba."

Ya daɗe a tsaye. Ina ganin yana duban fatar, yana duban tabarmar. Direban ya gyara hula ya ce, a hankali wannan karon, "Ɗan'uwa, ni ba zan jira kwanan tukunya ba. Idan na tafi yau da wani, wurin ya rufe."

Maigidana ya ce, "Ka tafi da wani."

"Ka tabbata? Kano fa. Lantarki fa."

"Ka gaida su."

Direban ya buga masa kafaɗa, ya ce mini, "Kin ci, 'yar maƙera. Ki riƙe kofaton, na bar miki." Ya fita yana waƙa. Muka ji ƙarar motar daga bakin ƙofa, tana raguwa har ta ɓace. Maigidana bai motsa ba sai da ta ɓace. Sannan ya ce in miƙo masa tsani, ya sauko da kayan aikinsa.

Baƙin ya nuna daga baya, ya yi kyau. Wasu sun ce ya kai na tsohon, wasu sun ce da saura, Baffa bai taɓa cewa komai ba, amma wata rana ya aiko a ɗebo masa kulokon. Tun daga nan duk sharar da aka kawo sai mu tace ta da mayen sau ɗaya, mu gasa, sannan ta shiga tukunya. A zauren nan ya zauna aka yi mulkin kai, a nan ya tsufa, a ɗakin da yake bayansa ya cika.

Abu ɗaya ne yake dawo mini yanzu da ba ya nan. Har ƙarshen ransa, idan babbar mota ta wuce ta bayan ganuwa tana canja giya, sai ya ɗaga kai daga ɗinki, basilla a hannu, ya saurara har ta yi nisa, sannan ya sunkuya. Na gani ba sau ɗaya ba. Kullum ina cewa wata rana zan tambaye shi ko ya so ya tafi. Ina tsoron amsar, sai in bari sai gobe. Ya zauna, na gode wa Allah da ya zauna. Amma da na tambaye shi.